Yadda Ake Cike Fom Ɗin Haraji Ta Intanet Da Yadda Ake Duba Shi

Dattawan karkara ba su manta da zamanin da ake bi gida-gida ana karɓar haraji ba. Hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya aika wa mai unguwa, mai unguwa kuma ya tsaya a ƙofar gida har sai an kawo. Ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, dole magidanci ya biya, makiyayi kuma ya biya jangali a kan shanunsa. A shekarar 1979 ne gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi a Jihar Kano da ta Alhaji Balarabe Musa a Jihar Kaduna suka soke haraji da jangali, talakawa suka yi ta murna.

Harajin da ake magana a kansa a nan daban yake da wancan. Sunansa harajin kuɗin shiga, kuma ana ɗora shi ne a kan abin da mutum ya samu a cikin shekara, ko ta hanyar albashi, ko kasuwanci, ko sana'ar hannu, ko noma da kiwo. Mai samu da yawa ya biya da yawa, wanda kuwa samunsa bai kai wani mizani ba, ko kwabo ba zai biya ba. Mutum ne da kansa yake bayyana wa hukuma abin da ya samu, ta hanyar cike fom sau ɗaya a shekara. A da sai an je ofis an karɓo fom ɗin an cike da biro. Yanzu hukumomin haraji suna ta mayar da wannan aiki kan intanet, inda wata manhaja, wato tsarin aiki da aka ɗora wa kwamfuta ko wayar hannu, take karɓar bayanin mutum ta yi masa lissafi nan take.

Wannan sauƙi ne babba, amma akwai abin lura. Manhajar kamar injin niƙa take. Wanda ya zuba dawa ba zai kwashi garin masara ba, wanda kuma ya zuba hatsi da tsakuwa, da tsakuwar zai ci tuwo. Duk lambar da aka ba ta, da ita za ta yi aiki, ko daidai ce ko kuskure. In kuma an sami kuskure, hukuma mai sunan da ke kan fom ɗin za ta nema.

Abin Da Doka Ta Ce

Ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu. Sabon tsarin harajin kuɗin shiga ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, ya maye gurbin tsohuwar dokar da ta samo asali tun 1993. Hukumar haraji ta tarayya da aka sani da FIRS ta koma NRS, amma harajin kuɗin shigar mutum ɗaya ba a can ake biyan sa ba. Ana biyan sa ne ga hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da mutum yake zaune. Bakatsinen da ke zaune a Kano, a Kano zai biya. Mazauna Abuja kuma suna da tasu hukumar.

Doka ta ce a riƙa cike fom ɗin kowace shekara ba sai an aiko wa mutum da takarda ba, ko da lissafi zai nuna babu abin da zai biya. Ma'aikacin da ake yanke wa haraji daga albashi ma bai fita ba, shi ma zai cike nasa. Wa'adin da aka saba shi ne 31 ga Maris na shekarar da ke biye, su kuwa ma'aikatu da kamfanoni suna miƙa bayanin ma'aikatansu kafin ƙarshen Janairu. Tarar da sabuwar doka ta sa wa wanda bai cike ba ita ce N100,000 a watan farko, sai N50,000 a kowane wata da ya biyo baya. Dokar ta kuma ba hukumomin haraji damar fito da fom mai sauƙi domin masu ƙaramin ƙarfi da masu ƙananan sana'o'i, saboda haka yana da kyau mutum ya tambayi ofishin haraji na yankinsa irin fom ɗin da ya shafe shi.

Matakan Haraji

An kasa kuɗin shigar shekara mataki-mataki, kowane mataki da nasa kason:

N800,000 na farko: babu haraji.
N2,200,000 da ke biye: kashi 15 cikin 100.
N9,000,000 da ke biye: kashi 18 cikin 100.
N13,000,000 da ke biye: kashi 21 cikin 100.
N25,000,000 da ke biye: kashi 23 cikin 100.
Abin da ya haura N50,000,000: kashi 25 cikin 100.

Mutane da yawa suna zaton da zarar samunsu ya wuce N800,000 za a ɗora haraji a kan kuɗin gaba ɗaya. Ba haka abin yake ba. Wanda ya samu N900,000, a kan N100,000 ɗin da ya hau sama kawai zai biya kashi 15, wato N15,000 a shekara. Ma'aikacin da albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wanda aka mayar N70,000 a wata a shekarar 2024, doka ta yafe masa haraji a kan wannan albashi.

Kafin a hau waɗannan matakai, akwai abubuwan da ake cirewa daga kuɗin shigar. Akwai abin da aka yanke na fansho, da na asusun gidaje na ƙasa, da na inshorar lafiya ta ƙasa, da kuɗin inshorar rai. Akwai kuma sabon rangwame na 'yan haya: ana cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar gidan da mutum ya biya a shekara, amma rangwamen ba zai wuce N500,000 ba. Wanda ke zaune a gidan kansa ko gidan gado ba shi da wannan rangwame.

Manhaja Iri Biyu Ce

Iri na farko ita ce manhajar gwaji. Mutum ya rubuta samunsa da abubuwan da ake cirewa, ta nuna masa kimanin abin da zai biya. Kwamitin gyaran haraji da Shugaban Ƙasa ya kafa a 2023, wanda Taiwo Oyedele ya shugabanta, ya fito da irin wannan a intanet domin jama'a su gwada, kuma akwai wasu da kamfanoni suka yi. Abin da aka rubuta a manhajar gwaji ba ya zuwa ko'ina. Wanda ya gwada a can ya rufe wayarsa, a wurin hukuma bai cike komai ba tukuna.

Iri na biyu shi ne shafin hukumar haraji ta jiha, inda ake cike fom ɗin na gaske a aika. Jihar Legas, alal misali, tana da nata mai suna eTax. Kowace jiha da nata tsarin, kuma ba duka suka yi nisa ɗaya a wannan aiki ba. Wanda bai san inda jiharsa ta kwana ba, sai ya je ofishin haraji mafi kusa ya tambaya, a rubuta masa adireshin shafin a takarda. Matambayi ba ya ɓata.

Abin Da Za A Tanada Kafin A Zauna

Na farko shi ne lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, mai lambobi 11, domin da ita ake samo lambar harajin mutum. Wanda ya manta tasa zai iya latsa *346# a layin da ya yi rajista da shi. Na biyu shi ne lambar wayar mutum ta kansa, wadda take hannunsa, saboda can za a riƙa aiko da saƙo. Na uku su ne takardu: takardar albashi ta wata 12 ga ma'aikaci, rasit ɗin haya ga ɗan haya, da littafin saye da sayarwa ga ɗan kasuwa ko manomi.

Na huɗu, kuma shi ne wanda aka fi mantawa, biro da takarda. Kafin a taɓa waya ko kwamfuta, ya kamata mutum ya zauna ya yi lissafinsa da hannu, ko ya sa wani ɗansa da ya iya lissafi ya taya shi. Wanda ya zo da amsarsa a aljihu shi ne zai gane in na'ura ta ba shi wata amsa daban.

Yadda Aikin Yake Tafiya

Shafukan sun bambanta, amma hanyar kusan ɗaya ce. Mutum zai yi rajista da lambarsa, ya zaɓi lambar sirri da zai riƙa shiga da ita. Daga nan zai zaɓi shekarar da yake ba da bayani a kanta. Sai gurabe su fito ɗaya bayan ɗaya: na albashi, na ribar kasuwanci ko sana'a, na hayar da mutum yake karɓa in yana da gida ko shagon haya, da na abubuwan da ake cirewa. Akwai kuma gurbin harajin da aka riga aka yanke masa a cikin shekarar. Wasu shafukan sukan nemi a ɗora hoton takardun shaida. A ƙarshe manhajar za ta nuna jimla, ta nemi mutum ya tabbatar cewa abin da ya rubuta gaskiya ne, sannan ya latsa wurin aikawa. Wannan latsawa daidai take da sa hannu ko dangwala yatsa, saboda haka a nan ne ake tsayawa a duba.

Misalin Malamin Makaranta

A ce wani malamin firamare yana karɓar N150,000 a wata a 2026. A shekara ya kama N1,800,000. Takardun albashinsa sun nuna an yanke masa N144,000 na fansho. Yana biyan hayar N200,000, saboda haka rangwamensa N40,000 ne. In an cire waɗannan biyu, saura N1,616,000. A ware N800,000 da babu haraji a kai, saura N816,000. Kashi 15 cikin 100 na wannan shi ne N122,400 a shekara, wato N10,200 a wata. In abin da aka yanke masa a albashi ke nan, ba a bin sa komai.

To a ce malamin yana noma, ya sayar da wake da gyaɗa, bayan ya cire kuɗin iri da taki da na 'yan ƙwadago ya sami ribar N300,000. Wannan ma kuɗin shiga ne, kuma zai rubuta shi a gurbinsa. Harajinsa zai tashi zuwa N167,400. Tun da an riga an yanke N122,400, abin da zai cika shi ne N45,000. In ya manta bai cike gurbin abin da aka riga aka yanke ba, manhajar tana iya nuna ana bin sa N167,400 gaba ɗaya, ya biya abu ɗaya sau biyu.

Kurakuran Da Aka Fi Yi

Kuskure na farko shi ne na sifiri. In yatsan malamin ya zame ya rubuta N18,000,000 maimakon N1,800,000, manhajar ba za ta yi mamaki ba. Za ta nuna masa harajin N3,171,360, wanda ya fi albashinsa na shekara guda nesa ba kusa ba. Maganin wannan shi ne a ƙirga sifirin kowace lamba da yatsa, a karanta ta a bayyane.

Na biyu shi ne rikita na wata da na shekara. In ya rubuta N150,000 a gurbin da ake neman na shekara, manhajar za ta ce babu haraji a kansa. Zai tashi yana murna, alhali ya ba hukuma bayanin da ba daidai ba, kuma ma'aikatarsa ta riga ta aika da ainihin albashinsa tun watan Janairu. Ranar da aka haɗa takardun biyu, shi za a kira.

Na uku shi ne rikita shekara. Albashin 2025 da tsohuwar doka ake lissafa shi, na 2026 kuma da sabuwa. A tsohon tsari babu rangwamen haya, akwai dai wani rangwame na bai ɗaya, kuma matakan sun tashi ne daga kashi 7 zuwa kashi 24 cikin 100. Da wannan tsari, harajin malamin nan a kan albashi ɗaya zai kama N133,712, wato ya fi na sabon tsari da N11,312. Har yanzu akwai manhajojin gwaji a intanet da ba a sabunta su ba. Alamar da za a gane su da ita mai sauƙi ce: duk wadda ta fara da kashi 7 cikin 100, ta tsohuwar doka ce.

Na huɗu ya fi shafar 'yan kasuwa da manoma, wato ɗaukar ciniki a matsayin riba. A ce wani mai sayar da hatsi ya yi cinikin N5,000,000 a shekara. Ya saro hatsin a kan N3,900,000, ya kashe N400,000 a kuɗin mota da 'yan dako da buhuna da hayar rumfa. Ribarsa N700,000 ce, ba ta kai N800,000 ba, saboda haka babu haraji a kansa. Amma in ya rubuta N5,000,000 a gurbin kuɗin shiga, manhajar za ta nuna N690,000, kusan duk abin da ya yi wa wahala shekara guda. Abin da zai cece shi shi ne littafi. Wanda yake rubuta abin da ya saya da abin da ya sayar kullum, ko a littafin 'yan makaranta ne, yana da hujjar da zai nuna. Sai dai a lura, kuɗin cefanen gida da na biki da na makarantar yara ba sa cikin abin da ake cirewa daga ciniki.

In Wani Ne Zai Cike Wa Mutum

Ba kowa ne yake da babbar waya ba, ba kuma kowa ne ya saba da Turancin da ke kan waɗannan shafuka ba. Ba laifi ba ne a je shagon kwamfuta ko a nemi taimakon ɗan'uwa. Amma akwai sharuɗɗa. Mai fom ya zauna a wurin har a gama. Lambar wayar da za a sa ta zama tasa. Lambar sirri shi zai zaɓa, ya rubuta ta ya adana a gida. Kafin a aika, a karanta masa kowane gurbi da Hausa, ya gwada da takardar da ya zo da ita. Bayan an gama, a fita daga shafin a gabansa, kada a bar shi a buɗe wani ya zo ya tarar.

Akwai masu cewa, "Kawo a rage maka lambar, ba wanda zai sani." Mai faɗin haka sunansa ba ya kan fom ɗin, kuma ranar da hukuma ta zo bincike ba za a gan shi ba. Ba da bayanin ƙarya laifi ne a doka, kuma mai suna ne zai amsa shi.

A Yi Hattara Da 'Yan Damfara

Duk inda sabon abu ya shigo, 'yan damfara suna biye da shi. Sukan aiko da saƙo a waya cewa ana bin mutum haraji, ya latsa wani wuri ya biya kafin a rufe masa asusun banki. Wasu sukan ce za a mayar masa da rarar kuɗi in ya turo lambar katinsa. Cike fom ɗin haraji ba ya buƙatar lambar sirrin katin ATM, kuma lambar nan da banki yake turowa a waya lokacin biyan kuɗi ba a karanta wa kowa ita, ko da ya ce daga ofis yake. Yawancin shafukan gwamnati adireshinsu yana ƙarewa ne da .gov.ng, amma abin da ya fi tabbas shi ne adireshin da aka karɓo daga ofishin haraji. In an tashi biya, a biya ta hanyar da hukuma ta tsara, da sunan hukuma, a karɓi rasit. Kuɗin da aka tura asusun wani mutum ko aka damƙa a hannu ba rasit, a wurin hukuma kamar ba a biya ba ne.

Bayan An Aika

Manhajar takan ba da shaidar cewa an karɓi fom. A buga ta a takarda, a haɗa da rasit da kwafen fom ɗin, a sa a leda a ajiye inda ruwa da gara ba za su kai ba. Doka tana son a adana irin waɗannan takardu har shekara 6. Wanda ya gano kuskure bayan ya aika, ya hanzarta zuwa ofis da takardunsa ya nemi a gyara tun ba a neme shi ba. In kuma hukuma ce ta aiko da lissafin da mutum bai yarda da shi ba, yana da kwana 30 ya rubuta ƙorafi ya faɗi dalilinsa. In ya bar kwanakin suka wuce, lissafin ya zauna. Sababbin dokokin sun kuma kafa ofishi na musamman mai sauraron koke-koken masu biyan haraji.

Amfanin wannan ɗawainiya yakan fito ne ranar da mutum ya tashi neman takardar shaidar biyan haraji, wadda takan nuna bayanin shekara 3 da suka wuce. An saba neman ta wajen neman kwangilar gwamnati, da takardar mallakar fili, da tsayawa takarar zaɓe. Wanda yake cike fom ɗinsa kowace shekara, ko da babu abin da ya biya, ba zai sha wahalar samun ta ba.

Shawara ga jama'a ita ce kada a jira ƙarshen Maris, lokacin da kowa yake rububi, shaguna suka cika, intanet kuma ta yi nauyi. Sauri ya haifi nawa. Tun watan Janairu a tattara takardu, a yi lissafi da biro, a gwada da na manhaja. In amsoshin biyu sun zo ɗaya, a aika. In sun bambanta, a dakata a nemo inda bambancin ya fito, ko a kai wa ma'aikacin haraji ya duba. Allah ya sa a dace.